Sallama, salam, shalom: tambayoyi da amsoshi kan haruffa uku, sin da lam da mim

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin Larabci ne a wata 'yar Islamiyya a ƙauyenmu nan ƙasar Gumel, damina kuma ina gona kamar kowa. Kwanaki muna darasin sarfu sai na rubuta haruffa uku a allo, sin da lam da mim, nace ma yara duk wanda ya kawo min kalma biyar da ta fito daga cikinsu ya ci gyaɗa. To daga nan fa magana ta fita daga aji, ta bini har majalisar ƙofar masallaci bayan isha'i, dattijai na tambaya samari na tambaya, har daga ajin matan aure aka aiko min da takarda. Shine na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa da abin da na amsa.

Malam, wai me ake nufi da saiwar kalma?

A Larabci da 'yan uwansa yawancin kalmomi suna tsayuwa ne a kan baƙaƙe uku, su ne ke riƙe da ainihin ma'ana, wasulla da ƙarin haruffa kuma su ke juya ta. Kamar gindin rogo ne, a ƙasa abu ɗaya a sama rassa barkatai. Ɗauki sin, lam, mim: salam, salama, silm, Islam, Muslim, taslim, salim, istislam. Duk ka tuɓe musu riga haruffan nan uku zaka tarar a jere, ba sa sauya wuri. Shi yasa tsoffin ƙamus na Larabci ba a neman kalma da harafinta na farko, da saiwarta ake nema, tun daga Kitabul Ain na Khalilu ɗan Ahmad mutumin Basra, wanda shine ƙamus na farko da aka tsara wa Larabci.

To ita wannan saiwar me take nufi, ba zaman lafiya bane?

Zaman lafiya reshe ne, ba shine gindin ba. Gindin shine abu ya zama cikakke, lafiya lau, ba tsaga ba ɓalli ba nakasa. Ibnu Faris wanda ya rasu shekara ta 395 bayan hijira ya faɗa a Maƙayisul Luga cewa mafi yawan wannan babin yana komawa ne ga sihha da afiya, kuma kun san afiyar nan ita ce muka aro muka mayar lafiya. Ku duba saniyar Banu Isra'ila a Suratul Baƙara aya ta 71, an siffanta ta da musallama, wato lafiyayya marar aibi. Duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen sa ya san wannan, sai ka buɗe baki ka duba haƙora, ka duba kofato, ka zagaya shi, abin da kake nema kenan. Haka ƙalbun salim a Suratush Shu'ara, zuciyar da ba ta da ciwo. Idan kace ma mutum salamu alaikum addu'a kake masa ya kasance a cike, jikinsa da gidansa da dukiyarsa da addininsa kada komai ya gutsure. Gari ma idan ana zaman lafiya ai gari ne da bai tsage ba.

Wani abin da yake burge ni, Larabawa suna kiran wanda maciji ya sara da salim, wato lafiyayye, don fatan alheri, ya zo ma a hadisin sahabban da suka yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha. Mu ma ai haka muke, da dare ba mai ambaton sunan maciji sai dai ace igiyar ƙasa.

Wane harsuna ne suke da wannan saiwar bayan Larabci?

Dangin harsunan da ake kira Samiyya. Sunan daga Samu ɗan Annabi Nuhu aka ɗauko shi, wani Bajamushe mai suna Schlözer ya yi amfani da shi a 1781 sai ya bi duniya. Bayahude yace shalom, cikakkiyar gaisuwarsu kuma shalom aleikem, a amsa aleikem shalom, ka ji ai ba sai an fassara maka ba. A Aramiyanci, harshen da jama'ar Annabi Isa alaihis salam suke magana da shi, shlama ake cewa, kuma har yau akwai masu yinsa a garin Ma'alula na Siriya da kuma Kiristocin arewacin Iraƙi. A Habasha masu Amharanci da masu Tigirinya suna gaisawa da selam. Tsibirin Malta da ke tekun Bahar Rum, mutanen Kiristoci ne suna rubutu da boko amma harshensu daga Larabci ya tsiro, su sliem suke cewa, akwai ma gari a can sunansa Sliema. Sai waɗanda suka mutu: Ugarit a gaɓar tekun Siriya da aka fara tonowa a 1929, Finikiyawan Labanon, da babban yayansu a rubuce wato Akadiyanci na tsohuwar Iraƙi, wanda ake rubutawa a allon yumɓu tun fiye da shekara 4000 da suka wuce. A can shalamu shine mutum ya kasance lafiya, shulmu kuma ita ce lafiyar.

Wannan na Akadiyancin ya aka yi aka sani, wa ya ji su suna magana?

Baba ai sun bar wasiƙu. Nan ne ma abin ya fi taɓa min zuciya don haka ku bani dama in ɗan tsaya.

A 1887 aka tono wasu alluna na yumɓu a wani wuri da ake kira Amarna a ƙasar Masar, sun kai wajen 380, wasiƙu ne da sarakunan Babila da Ashur da Mitanni da ƙananan sarakunan ƙasar Sham suka aika wa fir'aunonin Masar wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa. Da Akadiyanci aka rubuta mafi yawansu don a lokacin shine harshen da sarakuna ke wasiƙa da shi, kamar yanda sarakunanmu na da suke rubuta wa juna da Larabci. Yanda manyan sarakunan suke buɗe wasiƙa shine, ni dai ina cikin shulmu, kai ma shulmu ta tabbata gareka, da gidanka, da matanka, da 'ya'yanka, da fadawanka, da dawakinka, da kekunan yaƙinka, da ƙasarka baki ɗaya. Ranar da na karanta wa 'yan majalisa wannan wani dattijo cewa yayi to ai wannan gaisuwar mutanen ƙauye ce, ina gida, ina iyali, ya yara, ya dabbobi, ya garin. Wallahi haka ne. Kuma bai ƙare nan ba, kyautar da suke haɗowa da wasiƙar, zinari ko dawaki, sunanta shulmanu, daga saiwar nan dai, wato kyautar gaisuwa. Mu me muke kiran buhun gero ko ragon da talaka yake kai wa hakimi? Gaisuwa. Ba aron juna akayi ba, mutane ne suka yi tunani iri ɗaya, wanda ka damu da lafiyarsa baka zuwar masa hannu rabbana.

Me yasa su suke cewa sha mu muke cewa sa? Ba ɓata kalmar sukayi ba?

Ba ɓatawa bane, ƙa'ida ce, kuma ita ce hujjar da tafi kowace ƙarfi. Inda Larabci yake da sin sau da yawa Ibrananci, wato harshen Yahudawa, shin yake da shi: ism su suce shem, sana wato shekara suce shana, sinn wato haƙori suce shen, lisan suce lashon, ra'as suce rosh, sab'a suce sheba. Abin mamaki kuma akwai inda yake juyawa, Larabci ashr wato goma su eser, shimal wato hagu su semol. Sannan doguwar a ta Larabci takan koma o a wajensu, salam shalom, lisan lashon, himar wato jaki hamor. Da aro ne ko kuskuren baki da ba zai bi layi haka ba a ɗaruruwan kalmomi. Kamar yanda in ka ji Basakkwace yace hwari ko Bakano yace fari, ko mu muce sayar wasu suce saisuwa ko saida, ka san ba wanda ya saci na wani, gida ɗaya aka fito kowa bakinsa ya bi ruwan garinsu.

Kenan Larabci ne uwarsu duka?

Masana harshe 'yan uwa suke ɗaukarsu, uwar kuma ta riga ta shuɗe ba a rubuta ta ba, daga kamannin 'ya'yan ake gano siffarta. Amma a cikin 'ya'yan Larabci ya riƙe kayan gado da yawa. Ana lissafa baƙaƙe 29 a tsohon harshen, Larabci ya riƙe 28, Ibrananci haruffa 22 yake rubutu da su. Ɗaliban nahawu ku saurara, raf'u da nasbu da jarru da kuke haddacewa, kalbun kalban kalbin, a tsohon Akadiyanci kalbum kalbam kalbim ne, kuma kare dai ake nufi.

Kuma kada wani ya ɗauka Turawa ne suka fara gano wannan. Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu 456 bayan hijira, ya rubuta cewa Suryaniyanci, wato wani reshe na Aramiyanci, da Ibrananci da Larabci asalinsu harshe ɗaya ne da ya sassauya saboda sauyin mazaunin masu shi. Kafin shi ma wani malamin Yahudawa a Tahart ta ƙasar Aljeriya, Yahuza ɗan Ƙuraish, ya rubuta wa mutanen Fas wasiƙa yana jera kalmomin harsunan uku gefe da gefe. Ni a ganina darajar Larabci ba ta jingina da sai ya zama shine na farko ba, Alƙur'ani da ya sauka da shi ya ishe shi.

Malam, ya halatta ma mutum ya tsaya yana koyon harshen Yahudawa?

Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa, kuma ya koya cikin kwanaki kaɗan. Sanin harshe daban bin addinin masu shi daban.

Sallamar da muke yi a kasuwa, na sallama, ita ma daga nan take?

Daga nan take, kuma wannan ce tambayar da na fi so duk cikinsu. Je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya a kara, mai saye ya taya, mai sa yace albarka, dillali ya ja wannan gefe ya ja wancan gefe, can sai kaji mai dabba yace na sallama. Me yayi? Ya miƙa abin a cike, ya cire hannunsa. Wannan shine sallama na Larabci, mai shadda a kan lam, miƙa abu ga wani. Daga nan Bahaushe ya faɗaɗa ta yanda yaga dama: an sallame shi daga asibiti, an sallami ɗalibai, liman ya sallame, mun yi sallama da baƙi, ka sallami almajirin nan, kuma in ka ɗauki 'yan ƙwadago suka maka noma da yamma zasu ce Alhaji a sallame mu, ma'ana a biya mu.

To riƙe wannan ta ƙarshen. A Ibrananci in za a ce mutum ya biya kuɗi shillem ake cewa, biyan kansa tashlum, abu cikakke kuma shalem. Kaga tunanin, wanda kake riƙe da haƙƙinsa akwai giɓi a jikinsa, in ka biya ka cike masa, sai zaman lafiya ya samu tsakaninku. Ɗan ƙwadago a gonar gero a Jigawa da mai kanti a can wata duniya suna faɗin abu ɗaya da saiwa ɗaya ba wanda ya san da wani. A Alƙur'ani ma diyya an ce musallama zuwa ga iyalan mamaci, Suratun Nisa'i aya ta 92, wato a miƙa musu ita. Haka cinikin salam a fiƙihu, ka bada kuɗi yanzu a baka hatsi da kaka, wanda Annabi ya tarar mutanen Madina suna yi da dabino ya ce a yi shi da sanannen mudu da sanannen awo zuwa sanannen lokaci. Ina roƙon masu ba manoma kuɗi da bazara su koma su karanta wannan babin da kyau, don abin da wasu ke yi a ƙauyukanmu, a ba talaka kuɗin tiya goma a karɓi buhu, ba cike giɓi bane, ƙara yage shi ne.

Shi kansa Musulunci daga aslama yake, miƙa wuya ga Allah gaba ɗaya ba a rage komai ba. Mun ɗauki Muslim muka ce Musulmi, muka ɗora masa namu ɗafin muka samu Musulunci da musulunta, waɗannan biyun ba Balaraben da zai gane su, namu ne.

Sunayen mutane fa?

Suna da yawa a kowane gida: Salmanu, Salamatu, Salma, Salim, Abdussalami, Sulaimanu har da Sule. Sulaimanu a Ibrananci Shlomo ne. Ku lura da maganar sarauniyar Saba a Suratun Namli aya ta 44, aslamtu ma'a Sulaimana, saiwa ɗaya sau biyu a jere. Cikin sahabbai akwai Salmanul Farisi, Ummu Salama, Ummu Sulaim, da Abdullahi ɗan Salam wanda malamin Yahudawan Madina ne kafin ya musulunta. Sarakunan Ashur guda biyar sun ci suna Shalmanasar. Garuruwa kuma ga Darussalam ta Tanzaniya, ga Bagadaza da halifa Mansur ya gina a shekarar 762 ya sa mata suna Madinatus Salam. Shi ma Musailama maƙaryaci sunansa daga nan yake, suna bai hana shi abin da yayi ba.

An ce sunan birnin Ƙudus na da ma yana ciki?

Eh. A wasiƙun Amarna ɗin nan an rubuta shi Urusalim, Yahudawa suna cewa Yerushalayim. Jama'a da yawa suna fassara shi birnin aminci, masu binciken tarihi kuma da dama suna danganta shi da Shalim, wani abin bautar Kan'aniyawa da sunansa ya fito a allunan Ugarit, ko ta wace hanya dai haruffan ukun ne. Ita Ƙudus wata saiwa ce daban, ƙaf da dal da sin, ta tsarki, ita ma tana da 'yar uwa a Ibrananci, Baitul Maƙdis su Bet Hamikdash suke cewa.

Sallah da salati da Salisu da Salihu duk 'yan gidan ne ko?

A'a, kunne ne yake ruɗinku saboda Hausa ta haɗe haruffa uku na Larabci ta mayar da su sa. Sallah da salati da harafin sadi suke farawa. Salihu da sulhu su ma sadi ne, da lam da ha. Salisu kuma daga salis ne, na uku, da sa mai ɗigo uku. Haka in miya tayi salam ba gishiri, ko ƙafa ta sulmiya a taɓo, haruffan sun yi kama amma ma'ana ba ta haɗu ba. Ba duk mai kama da kawunka ne kawunka ba, sai an bi salsala.

To Hausa tana cikin dangin nan ne? Naji ana cewa daga Bagadaza muka zo.

Inna a nan sai a rarrabe aro da gado. Sallama da Musulmi da lafiya da littafi da allo da alƙali aro ne, sun shigo da addini da fatauci, musamman tun zuwan Wangarawa Kano zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Hausa ba ta cikin harsunan Samiyya, tana cikin harsunan Cadi ne, su fiye da 150, tare da Badanci da Ngizim da Bolanci da Warjanci, har da tsohon harshen Auyokawa na nan ƙasar Haɗeja wanda ya riga ya ɓace. Amma in aka ƙara hawa sama, harsunan Cadi da Samiyya da harshen Buzaye da tsohon harshen Masar da Somaliyanci kakansu ɗaya, babban gidan da Joseph Greenberg ya kira Afro-Asiya a shekarun 1950. Kenan Larabci da Ibrananci 'yan ɗaki ɗaya ne, mu kuma dangi ne na nesa.

Alamun gadon suna nan a bakinmu kullum. Gidanka, gidanki, gidanku, Balarabe yace baituka, baituki, baitukum, ko a sallamar ma alaika, alaiki, alaikum. Ya tafi ta tafi, shi kuma yazhabu tazhabu, ya ta namiji ta ta mace. Namu mutu nasu mata yamutu, namu suna nasu ism da shem, namu me nasu ma. Irin waɗannan ba a cika aronsu ba, da nono ake shan su. Sai dai wannan zumuntar ta girmi labarin Bayajidda da dubban shekaru, don haka ba hujja bace ta cewa daga Bagadaza muka taso, kuma dangantakar harshe ba lallai ta zama ta jini ba.

Yara suna rubuta slm a waya, ya kake gani?

In ka lura abin da suka rubuta shine saiwar tsurarta, s da l da m, kuma haka mutanen Ugarit da Finikiyawa suke rubuta ta, baƙaƙe zalla ba wasali. Duk da haka ni ina hana ɗalibaina. As-Salam sunan Allah ne, yana Suratul Hashri aya ta 23, kuma sallama addu'a ce mai lada, goma ga assalamu alaikum, ashirin in ka ƙara wa rahmatullah, talatin in ka cika da wa barakatuh. Wanda yake da datar kallon bidiyo awa biyu a TikTok ba zai rasa ta rubuta kalma huɗu ba.

Ni ɗaliba ce, ya zanyi in riƙa gano saiwa da kaina?

'Yata ki haddace kalmar nan da malaman sarfu suka tara haruffan ƙari a cikinta, sa'altumuniha, haruffa goma ne. In kin samu kalma sai ki auna ta da fa'ala ki ga me ya hau kan fa da ain da lam, sauran ki zubar. Amma ki yi hattara da wannan saiwar tamu, don sin da lam da mim duk ukun suna cikin haruffan ƙarin, in kika bi da gaggawa sai ki share kalmar gaba ɗaya. Ɗauki mustaslim, ma'auninta mustaf'il ne, mim ta farko ƙari ce, sin ta farko ƙari ce, ta ma ƙari ce, abin da ya rage sin ta biyu da lam da mim ta ƙarshe. Ki gwada da istislam da tasallum da musalama ki kawo min ranar Asabar, in kin gama sai mu koma kan kaf da ta da ba, inda littafi ya fito.